Sunan Da Batulu Ta Tsallake

Shafi na 27

Assalamu alaikum. Saƙonninku sun iso, na karanta su ɗaya bayan ɗaya ko da ban amsa ba. Masu cewa in sa Batulu ta buɗe baki kowa ya huta, ku yi haƙuri da ita, ku yi haƙuri da ni.

*

Saura kwana uku jirgin su Saudat ya tashi.

Da wannan Batulu ta kwana, da shi ta tashi, da shi kuma take ninke zannuwan gado tun bayan azahar.

Alhazai sun watse. Unguwar Aziziyya da ke Makka ta yi tsit, rabin shaguna sun ja ƙofa. Otal ɗin da ke cika maƙil har hawa na sha huɗu, yanzu in ka yi tari a ƙasa sai ka ji shi a sama. A ɗakin wankin da ke ƙarƙashin ginin, inji biyu kawai ke juyawa cikin takwas.

Ta ɗaga ido ta saci kallon Saudat, yarinyar da ke tsaye a teburin guga.

Wata huɗu ke nan tana satar wannan kallon.

'Yarta ce. Ta fari, kuma ita kaɗai. Rabonta da ta taɓa jikinta tun ranar da aka yaye ta, dangin uba suka ɗauke ta zuwa Bakori bayan saki ya shiga tsakani. Can aka shaida wa yarinya uwarta ta rasu. Batulu ta ji labari, ta haɗiye. Shekara goma sha ɗaya tana Makka, duk wanda ya tambaye ta 'ya'ya sai ta ce Allah bai ba ta ba.

Yanzu ga ta nan, taku shida tsakaninsu, tana goge rigar filo, ba ta san komai ba. Aikin lokacin Hajji ya kawo ta, aikin kuma ya ƙare.

"Yalla ya banat, ku bar guga ku zo!"

Samah ce ta turo ƙofa da ƙafa. Ita ce mai kula da ma'aikata mata. Haifaffiyar unguwar Misfala ce a nan Makka, kakanninta ne suka zo daga ƙasar Hausa, don haka Hausarta sai ta dafa Larabci take iya tsayuwa. Tana janye da wata baƙar sifika mai taya kamar akwatin tafiya, makirfo biyu a hammata.

"Hafla jibi ne. Walimar ƙarshen shekara. Gidan shaƙatawa aka kama a hanyar Jidda, mata zalla. Indunusiya sun ba ni waƙarsu. Bangladesh sun ba ni. Sudan biyu ma suka ba ni. Ku kaɗai Hausa, kullum bukra, bukra, gobe ba ta zuwa."

"Yawan zaɓi ne ya yi mana yawa, Madam," in ji Asma, 'yar Fagge da bakinta ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke ta.

"Bara ma ai yawan zaɓin ne ya kunyata mu."

Hajja Ɗaso ce ta faɗa daga kan kujerarta, ba tare da ta ɗago daga tawul ɗin da take ninkewa ba. Ita ce babba a cikinsu. Ta Sudan iyayenta suka biyo da ita tana goye, ga shi har furfura ta cika kanta.

Kowa ya tuna bara. Na'urar karoke ce, tana cire muryar mawaƙi ta bar kiɗa zalla, baitoci na gudu a allon talabijin, mai riƙe da makirfo ya bi su. Asma ta zaɓo musu wata waƙar fim mai sauri. Ashe amshi kawai kowa ya iya. Da aka shiga baiti na biyu sai gunaguni, kamar ana biya karatu a bayan liman. Ummu Muhannad, matar mai otal, ta yi dariya har da share hawaye.

"Bana ba za a maimaita ba," in ji Asma. "Saudat, haɗa wayarki da sifikar, tawa ba caji."

Su tara ne Hausawa a otal ɗin. Suka kewaye sifikar, wasu a kan buhunan wanki, wasu a ƙasa. Batulu ta zauna can baya, kusa da inji, inda ta saba.

Asma ta kunna ta farko.

Ko minti ɗaya ba a yi ba Hajja Ɗaso ta ɗaga hannu.

"Kashe."

"Hajja ba ki ma ji ba!"

"Na ji. Yana ce mata ta zo ya riƙe hannunta. Ni da furfurata zan tsaya gaban matar mai gida ina neman a riƙe min hannu?"

"Ke ai amshi kawai za ki yi."

"Amshin ne ya fi muni. Kashe."

Ta biyu muryar ta yi sama da yawa.

"Wannan sai an taka wa mutum yatsa zai kai can," in ji wata.

Ta uku minti tara ce.

"La, la," Samah ta girgiza kai. "Minti huɗu bas. Abinci zai huce."

"To a yi begen Manzo mana, kowa ya samu lada."

"Sudan sun riga ku. Duka biyun nasu shi ne."

"Oh ni Asma'u! Soyayya Hajja ta hana, bege Sudan sun kwashe, mai tsawo Madam ta ƙi. To mu tsaya mu yi musu guɗa mu sauka."

Aka kwashe da dariya. Batulu ma ta ɗan murmusa, ta mayar da kai ƙasa.

Cikin dariyar ne Saudat ta yi magana, a hankali, kamar mai tsoron a ce wa ya tambaye ta.

"Me zai hana mu bar na cikin waya mu yi tamu?"

Suka juyo.

"Kiɗan ƙwarya kawai za a sa, irin na gidan biki. Sai a bi mu ɗaya bayan ɗaya, a kira sunan kowa a yi mata kirari. Ba mai manta baiti tunda sunayenmu ne. Ni zan rubuta su fito a allo."

Hajja Ɗaso ta ajiye tawul.

"Ke 'yar nan a ina kika san kiɗan ƙwarya? Ai na ɗauka ku yaran yanzu sai na fiyano."

"A Bakori in ana biki a layinmu nakan laɓe a bayan katanga in saurara. Gwaggo ba ta bari in shiga. Ta ce gidanmu ba a waƙa." Ta ɗan yi dariya. "Ni kuma ban san dalili ba, in na ji shi sai in ji kamar ana kirana."

Batulu ta danne zanen da ke cinyarta da hannu biyu.

Ita ta san dalili.

Nan da nan aiki ya kankama. Saudat ta lalubo kiɗan a waya, ƙwarya da tafi kawai, ba murya. Asma na jefo baiti, Hajja Ɗaso na yankewa, Saudat na rubutawa. Aka yi wa kowa nata. Asma ta ce a sa mata "farar mace alkyabbar mata", Hajja ta ce a sa "mai baki kamar rediyon direba", aka tsaya a tsakiya. Samah ta nace sai an sa ta, har da Ummu Muhannad.

"Ɗayyib. Wa zai riƙe makirfo?"

Kowa na kallon kowa.

"Ni dai muryata sai amshi," in ji Asma. Sai kuma ta juya baya, idonta na ƙyalli. "Amma na san mai yi."

"Wa?"

"Anti Batulu."

Batulu ta ɗago a firgice.

"Ni? Rufa min asiri."

"Wallahi Hajja in injin busarwa ya tashi, ita ta ɗauka ba a jin ta. Rannan na dawo ɗaukar makullina na tsaya a bakin ƙofa, tsigar jikina sai da ta tashi."

"Kunnenki ne. Ƙarar inji ce."

"Injin ne ke cewa ayye?"

Aka sake dariya. Batulu ba ta yi ba.

Shekara ashirin da ɗaya rabonta da ta ɗaga murya gaban mutane. Kafin ta yi aure babu bikin da za a yi a ƙauyensu ba a aiko mata da goro ba. Ta auri ɗan gidan malamai, ya ce ta bari, ta bari. Ranar bikin ƙanwarta mata suka taso ta, ta ba da baiti uku kacal. Baiti ukun nan su suka raba ta da ɗakinta, suka raba ta da 'yarta.

"Ku nemi wata," ta ce. "Ni ban iya ba."

"Khala Batulu, min fadlik, don Allah," in ji Samah.

"Ban iya ba."

"Anti Batulu."

Muryar Saudat ce. Batulu ba ta juya ba, amma duk jikinta ya juya.

"Na san ba kya son harka da ni. Ban san me na yi ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma don Allah ki yi mana. Jibi in an yi zan ɗauka a waya. Ina so in koma gida da abin da zan riƙa kunnawa in na tuna nan."

Tunda yarinyar nan ta zo duniya, yau ne karo na farko da ta roƙe ta wani abu.

Batulu ta miƙe. Ta goge tafin hannunta a jikin rigar aiki. Ta karɓi makirfo.

Saudat ta danna waya. Ƙwarya ta fara.

Da farko muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Sai ta gyara tsayuwa. Ta lumshe ido ta buɗe.

"Ayye mata, shekara ta juya,
Mun wanke na baƙi, yau namu za mu shanya."

Ba wanda ya yi amshi. Sun manta. Hajja Ɗaso baki buɗe.

"Ku amsa mana!" Asma ta daka musu tsawa.

Suka amsa.

Sunaye suka fara hawa allo, Batulu na bin su.

"Hajja Ɗaso uwar ɗaki, mai shayi da na'ana'a."

Hajja ta rufe fuska da tawul.

"Asma'u ta Fagge, ko inji ya yi shiru ke ba kya yi."

Asma ta yi tsalle ta rangaɗa guɗa.

Ta kira Sadiya, ta kira Ummulkhairi, ta kira Samah har da ƙara mata abin da ba a rubuta ba. Wasu 'yan Indunusiya biyu suka leƙo daga ƙofa suka tsaya.

Sai layi na bakwai ya hau allo.

Saudat ta Bakori, hannunki ya fi dutsen guga laushi.

Batulu ta gan shi tun yana tahowa daga ƙasa. Ta ja numfashi. Harshenta ya je bakin sunan ya tsaya cak.

"Ta Bakori, ta Bakori, hannunki ya fi dutsen guga laushi."

Kiɗa ya wuce da su. Ba wanda ya lura, ana ta tafi.

"Masha Allah! Masha Allah!" Samah na buga cinya. "Khala, ina kika ɓoye wannan? Marra tanya, a sake, in ɗauki lokaci."

Aka sake.

Layi na bakwai ya zo.

"Ta Bakori, ta Bakori..."

"Anti kin tsallake suna," in ji Asma da aka gama. "Ko rubutun ne ya yi ƙanana? Saudat ƙara masa girma."

Saudat ta ƙara. Sunan ya cika rabin allo.

Batulu ta dube shi. Haruffa shida. Ba wai ba ta so ba ne. Tun ranar suna da aka raɗa shi, bai taɓa bi ta bakinta ba. Haka ta ga uwarta ta yi da yayansu har ta koma ga Allah, haka kakarta. Ko ita kaɗai a ɗaki ba ta iya faɗa. Ko a gaban Ka'aba, in ta ɗaga hannu, cewa take: Ya Allah, yarinyar nan da Ka sani.

Kiɗa ya tashi karo na uku.

Ta kira shida lafiya.

Na bakwai ya zo, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ko "ta Bakori" ɗin ma ya ƙi. Ƙwarya na ta bugawa ita kaɗai.

Saudat ta danna waya. Ɗakin ya yi tsit, sai injin da ke juyawa a baya.

"Na ce ba zan tambaya ba," ta ce. "Amma zan tambaya. Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa?"

Batulu ta kau da kai.

"Wata huɗu, Anti. Ke. Waccan. 'Yar Bakori. Yarinyar nan. 'Yan Indunusiya ma da sunayensu ke karya harshe kina kiran su daidai. Ni nawa ne ya fi ƙarfin bakinki?"

"Saudat, bi a hankali," in ji Asma.

"A'a Asma, ki bar ni. Jibi a gaban mutum ɗari za a kira kowa a tsallake ni. In wari nake a faɗa min. In kama nake miki da wata da ta cuce ki, ki faɗa min in ba ki haƙuri a madadinta."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Batulu ta dubi makirfon da ke hannunta. Ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Ni ban saba da a so ni ba, wannan ba komai," Saudat ta ci gaba, muryarta ta fara karyewa. "A gidan Gwaggo na tashi, na san yadda ake zama a gefe. Da na yi zazzaɓi bayan Arfa, Hajja ce kawai ta kula, kullum in farka in ga kunu a bakin gadona. Ban nemi kowa ya yi min haka ba. Suna kawai na ce."

"Ni?" Hajja Ɗaso ta sauke tawul. "Ni ban dama miki kunu ba, 'yar nan. Ni da gwiwar nan zan hau hawa uku?"

Saudat ta tsaya.

"To wa?"

Asma ta juya a hankali ta dubi Batulu.

Samah, da tun ɗazu take raba ido don rabin maganar ta wuce ta, ta gaji.

"Wallah ana ma fahimt, ban gane ba. Khala Batulu, leish? Me ya sa kike haka da ita? Ba ke kika kawo ta ba?"

"Samah!" in ji Batulu.

"Esh? Wata uku kina bina ofis, a sa ta cikin masu zuwa aikin Hajji, a sa ta, a sa ta. Kin ce 'yar ƙawarki ce, kar in faɗa. Halas, aiki ya ƙare, yanzu meye na ɓoyewa?"

Wayar da ke hannun Saudat ta kusa faɗuwa.

"Ita ta kawo ni? An ce min ejan ne ya ga takarduna."

"Wane ejan? Ita ce."

Hajja Ɗaso ta dafa gwiwa ta miƙe. Tunda ake zaman nan ba ta tashi ba sai yanzu. Ta tako har gaban Samah.

"Tsaya in tambaye ki. Da ta zo roƙon, da bakinta ta faɗi sunan?"

Samah ta ɗan yi tunani.

"La. Hoton fasfo ta nuna min a waya. Ta ce wannan."

"Wata ukun duka?"

"Kullum wannan, wannan."

Hajja ta gyaɗa kai a hankali. Ta juya ta ƙura wa Batulu ido, ta daɗe.

"Allah Sarki," ta ce. "Wata huɗu ina zaune kusa da ke, tsufa ya rufe min ido."

"Hajja don girman Allah," in ji Batulu.

"Esh fi? Ku faɗa min mana," in ji Samah.

"Ke 'yar Makka ce, ba za ki sani ba. Ke ce babba a ɗakinku ko?"

"Aiwa."

"Kuma uwarki na ƙwala miki kira Samah, Samah, kamar mai tsayar da tasi."

"To da me za ta kira ni?"

"Can gida ba a yi. Macen da ta sha tarbiyyar da, suna uku ne ba sa fita bakinta. Na miji. Na suruki. Da na ɗan fari. Ko a jikin wani ta gamu da sunan, kewaye shi take."

"To ai dai ba a taɓa miji Saudat ba," in ji Asma.

Ta so a yi dariya. Ba wanda ya yi. Ita ma ta kama bakinta.

Hajja ta matso kusa da Batulu, ta sassauta murya, irin ta mai miƙa wa mutum igiya.

"Takwara ce ko? Kina da mai sunan a gida, shi ya sa."

Batulu ta gane abin da tsohuwar ke yi mata. Ƙofa ce ta buɗe mata ta fita. In ta ce e, magana ta mutu. A ba Asma layi na bakwai, a yi hafla, jirgi ya tashi, yarinya ta koma da uwarta matacciya kamar yadda ta zo da ita.

"Ina da ita," ta ce.

"Anti!" Asma ta dafe ƙirji. "Kin ce mana Allah bai ba ki ba."

"Ya ba ni. Shekara biyu na riƙe ta."

"Ta rasu ne?"

"A'a!"

Da ƙarfi ya fito, ta cikin makirfo, har sifikar ta yi ƙara. 'Yan Indunusiyan da ke ƙofa suka ja da baya.

"A'a. Allah ya tsare. Tana raye. Lafiyarta ƙalau."

Kuma kafin ta iya hana kanta, idonta ya tafi inda bai kamata ya je ba.

Saudat ta ga kallon.

Kowa ya gani.

"Shekarunta nawa?" in ji Saudat. Muryar ba ta rawa yanzu. Ta yi sanyi ƙalau.

"Ki bar maganar nan."

"Shekarunta nawa, Anti?"

"Ashirin da uku."

"A wane gari take?"

Batulu ta juya makirfon a hannunta.

"Wace ƙawa ce taki a Bakori? Faɗa min sunanta, duk layinmu na san su."

Ta matso taku ɗaya.

"Wa ya ba ki hoton fasfona?"

Batulu ta dubi ƙasa. Akwai wani ɗan zare fari a kan tayil, ta kafa masa ido.

Saudat ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta girgiza kai.

"A'a. A'a wallahi. Ku daina kallona haka. Ni uwata ta rasu ina shekara biyu. Kowa ya sani. Makon jiya na yi mata umara."

Ta juya ga Batulu.

"Ke na tambaya. Kin tuna? Na ce Anti ana yi wa mamaci umara? Kika ce ana yi. Na ce a ina zan ɗauki harami, kika raka ni har bakin titi kika nuna min motar Tan'im. Kika ce in riƙe ruwa saboda rana."

Hawaye ya gangaro wa Batulu, ba ta share ba.

"Na yi ɗawafi bakwai ina kiran Allah ya haskaka kabarinta. Na yi Safa da Marwa ƙafata na jini. Na yanke gashina. Na dawo na same ki a nan kina ninke zani, kika ce min Allah ya karɓa."

"Na ce."

"Kika ce Allah ya karɓa!"

"Saudat, zauna," in ji Hajja Ɗaso. "Zauna a yi magana a hankali."

"Ba zan zauna ba, Hajja. Ta dube ni ta ce ba ita ba ce. Shi ke nan. Kalma ɗaya. In ba haka ba ta kira sunana yanzu, in san takwara ce kawai, in ba ta haƙuri."

Duk suka zuba wa Batulu ido.

Ta ɗaga kai. Ta dubi fuskar, goshin ubanta, bakin kakarta. Leɓenta ya motsa. Ta kasa cewa ba ita ba ce. Ta kasa kiran sunan.

"An ce min kin saba," ta ce da ƙyar. "Na je kina shekara tara. A zaure aka tsayar da ni. Aka ce kin daina tambaya, kin daina kuka, in na shiga zan dawo miki da ciwo sabo. Aka sa na yi alkawari."

"Wa ya ce?"

Batulu ta share fuska da bayan hannu.

"Ban yarda ba," in ji Saudat. "Ban yarda da ke ba. Ban san ki ba. Gwaggo ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

Ta ɗaga waya, ta lalubo lambar Gwaggo.

"'Yar nan kar ki kira yanzu, ranki a ɓace yake," in ji Hajja.

Ta riga ta danna.

Ta kai wayar kunne, amma ba nan ƙarar ta fito ba. Wayar na haɗe da sifika har yanzu. Ƙarar kira ta cika ɗakin wanki, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Samah ta miƙa hannu za ta kashe sifikar, Hajja ta riƙe mata hannu.

Aka ɗauka.

Kukan akuya ya fara shigowa, da ƙarar turmi daga nesa. Sai muryar tsohuwa.

"Saudatu? Lafiya da rana tsaka? Ko tafiyar ce aka ɗaga?"

Batulu ta runtse ido. Shekara goma sha huɗu rabonta da muryar nan, ba ta canza ba.

"Gwaggo, tambaya zan yi miki."

"Ina jin ki. Me ya samu muryarki?"

"Mamata. A ina aka binne ta?"

Turmin ya ci gaba da bugawa. Akuyar ta sake kuka.

"Gwaggo kina jina? Na ce a wace maƙabarta take?"

Aka ji ƙarar kujera, kamar an zauna da nauyi. Aka ji numfashi mai tsawo ta cikin sifika.

"Saudatu," in ji muryar, ƙasa ƙasa. "Ita ce ta faɗa miki da bakinta, ko nuna miki ita aka yi?"